Mai Kallon Bango

Bulo ɗaya ne tsakanin ɗakin Anti Tela da ɗakin Mai Fenti, shi ma bulon irin na gidan haya, wanda yashinsa ya fi simintinsa yawa. Don haka ranar Talatar da safe, tana cikin zura zare a allurar keke, ba sai ta kara kunne ba. Muryar Maman 'Yan Biyu, matar Mai Fenti, ta ratso bangon kamar a kan tabarmarta take zaune.

Matar tana jero wa mijinta laifinsa ne ɗaya bayan ɗaya. An ba shi fentin makarantar bakin titi, aji shida, saura kwana goma yara su dawo hutu, amma kwana uku ke nan yana zaune a kan bokiti gaban bangon aji ɗaya yana kallo, har mai gadi ya biyo shi gida yana tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Ƙarƙashin gadonsu babu inda za a tura ko takalmin yara, duk takardun buhun siminti ne, kyankyasai sun kafa gari a ciki. Ita dai mai fenti aka ce ta aura, ba mai gadin bango ba.

"Yau zan ƙone su," in ji ta. "Ka dawo ka tarar da toka. In ka ga dama ka ja bokiti ka zauna, ita ma ka zana ta."

Sai muryarsa, ƙasa-ƙasa, babu gaggawa:

"Ke da akuya ɗaya kuke a gaban takarda. Ita ma ta fi ki, don ta san abin da za ta yi da ita."

Aka buga ƙofa. Tsani ya gogi bangon tsakar gida, ya fice.

Ƙafar Anti Tela ta tsaya cak a kan keke. Ba tausayin matar ne ya tsayar da ita ba, balle na mijin. Takardun ne. Shekara uku ke nan da su take cin abinci, kuma a saninta babu wanda ya sani.

Labarin Mai Fenti ba ɓoyayye ba ne, matarsa tana raba shi kyauta a bakin famfo. Ɗan magini ne. Tun yana ƙarami in aka aike shi ɗebo ruwan kwaɓin siminti sai a tsinto shi tsugune a bakin kududdufin da ya ƙafe, yana bin tsagar laka da tsinke. Ubansa ya dake shi har hannu ya gaji. A makaranta malami yana rubutu a allo, shi yana kwafar tabon yoyon da ke silin, sai da littafi ya cika aka gane, aka kore shi. An kai shi wajen mai rubuta allunan shaguna ko za a ci moriyar hannunsa. Aka ce ya zana kaza a allon mai sayar da kaji, ya wuni yana zana tsatsar da ta ci gefen allon, kazar ko baki bai yi mata ba. Nan ma aka sallame shi.

Fentin gida ya kama daga ƙarshe, don ita ce sana'ar da za a buɗe maka ɗaki a fitar da kaya a bar ka kai da bango. Kuma ya iya. Hannunsa ba ya ɗiga, layinsa ba ya karkace, shi ya sa ake haƙuri da halinsa. Halin kuwa ɗaya ne: ba ya rufe bango sai ya ɗauke abin da ke jikinsa. Zai farke buhun siminti, ya zare takardar ciki mai tsabta, ya shimfiɗa a cinya, ya zauna. Tsagar da ta rabu gida uku, ɓawon fentin da ya ɗago ya nuna kore a ƙarƙashin fari, baƙin hayaƙi a saman murhu, maiƙon kan mutane a inda suke jingina, duk sai ya kwashe da gawayi da guntun fensirin kafinta, ya shafa musu launi da ragowar gindin gwangwani. Babu mutum a zanensa, babu tsuntsu, babu fure. In ya gama sai ya tsoma babban yatsa a fenti ya dangwala a gefe ɗaya na takardar, sannan ya ɗauki rola ya shafe bangon, ko waiwaye babu.

Kada a ɗauka mutumin kirki ne da duniya ta ƙi fahimta. Mai Fenti ba ya gaida kowa sai an gaishe shi, in an gaishe shi ma kafaɗarka yake kallo ko bangon da ke bayanka. 'Yan biyunsa har suka yi wayo yana kiran wannan da sunan wancan. Ya raina mutane raini na gaske, kuma kallon bangon nan ya zame masa hanyar nuna musu hakan ba tare da ya buɗe baki ba. In ya ba ka baya ya fuskanci tsagar siminti, yana so ka san wadda ya zaɓa tsakaninku.

Anti Tela ta ɗanɗani wannan da kanta. Shekara huɗu da suka wuce ta ba shi fentin ɗakinta, wanda shi ne shagonta. Ya yi bango uku tas. Na huɗun, wanda ya raba ɗakinta da nasa, akwai wani tabo da yoyon kwano ya bari, dogo, ruwan ƙasa-ƙasa da duhu a gefensa. Ya wuni a gabansa, washegari ya shafe ko'ina ya bar tabon, ya ce wurin da danshi, fenti ba zai kama ba. Ta ce ya shafe ko da zai zube gobe. Ya ce ta samo wani ya shafe. Suka yi ta a tsakar gida, ta kira shi mahaukaci, ya kira ta mai ɗinka buhu. Ran nan ta sa aka turo mata kabad ɗin yadi aka toshe wurin, ta juya kekenta ta ba bangon baya. Tun daga ranar ko sannu ba ta haɗa su.

A lokacin ɗinkinta ba shi da maraba da na kowa. Fure a wuya, ganye a hannu, abin da ta gani a jikin wata ta kwaikwaya. Sai wata safiya ta je zubar da ƙyallaye a kwandon shara ta ga takarda a dunƙule, da launi a jiki. Ta warware don ta samu abin yi masa dariya. Ta daɗe a tsaye. Ba ta san mene ne ba, ba ta ma san ko yana da kyau ba, amma hannunta na tela ya riga kanta ganewa: wannan layin in aka bi shi da zare mai kauri a kan baƙin yadi, mace za ta juyo a titi. Ta cusa takardar a cikin ƙyallayen ta koma ɗaki.

Dangwalen yatsan da ke gefe bai ba ta wahala ba. Duk tela yana yi wa takardar yanka alama ta wajen wuya, don kada a juya ta. Sai ta sa dangwalen a sama, ta gyara layukan da suka karkace, ta maimaita na dama a hagu don su yi daidai, ta ɗinka. Rigar ba ta kwana biyu a rataye ba.

Haka aka soma. Duk bayan 'yan kwanaki takarda ɗaya ko biyu za su faɗo kwandon, ita kuma tana ɗauka cewa matar ce ke zubarwa don haushi. Mata suka fara zuwa daga unguwanni masu nisa. Suna tambayarta ina take samo wannan salo, ta taɓa goshinta da yatsa ta ce nan, wani lokaci ma a mafarki. Ta faɗa har ta kusa yarda. Abin da ta kasa shi ne zama gaban farar takarda ta fitar da ko ɗaya da kanta. Ta gwada, ƙofa a kulle, fure ne yake fitowa. Duk ranar da ta gwada ta kasa, washegari ita ce kan gaba a bakin famfo wajen yi wa Mai Fenti ba'a, tana kwaikwayon yadda yake sakin baki gaban bango har mata su riƙe ciki. Da zai zama ɗan banza na gaskiya da ta samu sauƙi. Ganinsa yana wucewa da tsani a kafaɗa, bai san tana yi ba, shi ke sa ta ji kamar ta watsa masa ruwan wanki.

To ga shi yanzu wata guda kwandon bai ba ta komai ba, kuma Shugabar Makaranta, ta makarantar da yake yi wa fenti, ta kawo yadin malamai mata goma sha biyu. Riga iri ɗaya suke so ranar komawa hutu, da aikin da ba a taɓa gani a jikin kowa ba. Ta ce ta baro teloli da yawa ta zo nan saboda kan Anti daban ne. In aka ƙone takardun nan yau, kan Anti zai fito fili.

Ta jira har ta ji ƙarar jan buhu a ƙasa, sannan ta gyara ɗankwali ta fita. Ta tarar da Maman 'Yan Biyu ta jawo buhun takardun zuwa tsakar gida, ashana a hannu, ido ya yi ja. Anti ta soma da jaje. Ta ce ta ji komai, kuma wallahi da ita aka haɗa da akuya da tuni tana gidan ubanta. Ta hura wutar sosai, sai da ta ga matar ta fara huci, sannan ta sauke murya. Hayaƙin takarda mai fenti yana kama yadi, ga kayan mutane a rataye, ga mai gidan haya da ba ya son ƙauri. Ta kawo buhun kawai, ita tana yankan gwaji da irin wannan takarda, cikin mako guda almakashi zai cinye su. Shi kuma a ƙona 'yan tsummoki a nuna masa toka.

Maman 'Yan Biyu ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Anti, yaushe kika fara son shararmu haka?"

"Ke nake tausayi, ƙanwata."

Matar ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ba ta yarda ba, amma ta saki bakin buhun. Ita ma ba ƙonawar take so ba. So take ta ga fuskarsa lokacin da zai ɗauka an ƙone, ta ga ko akwai abin da zai sa mutumin nan ya kalle ta ido cikin ido.

Ya kalle ta kuwa, da la'asar, a gaban tokar. Anti tana leƙe ta labule. Bai yi zagi ba, bai ɗaga hannu ba. Ya tsuguna ya taɓa tokar, ya murza a yatsu, ya miƙe ya shiga ɗaki. Kwana tara bangon bai kawo wa Anti muryarsa ba. Ya gama aji shida cikin kwana biyar, bai zauna gaban ko ɗaya ba, mai gadi har yana yaba masa cewa ya warke.

Ita kuwa Anti ta kulle ƙofa ta zazzage buhun. Nan ta ga abin da ya ɗaure mata kai: na cikin buhun ba irin na kwandon ba ne. Sun fi nauyi a ido. Wasu ta kasa daɗewa tana kallonsu, ba ta san dalili ba. Ta zaɓi ɗaya mai tsawo, ruwan ƙasa-ƙasa da duhu a gefe, ta sa dangwalen a sama kamar kullum. Sai ga wasu harsuna suna tashi daga ƙasa suna siracewa, kamar wuta, kamar reshe. Ta yanke takardar ta wajen dangwalen don ta zauna daidai da wuyan riga, ta daidaita dama da hagu, ta hau keke. Ta san a makarantar yake aiki. Ba ta damu ba. Mutumin da bai san fuskar 'ya'yansa ba, ina zai kalli rigar malama?

A nan ta yi kuskure. Fuska ce ba ya kallo. Ranar komawa hutu ya je ɗaukar tsaninsa da ya bari, ya tarar da mata goma sha biyu a jere gaban ofis ana ɗaukarsu hoto. Mai gadi ya ce ya tsaya ya fi minti goma yana kallon ƙirjin Shugabar Makaranta, har matar ta ja mayafi ta ce a fitar da shi.

Da hantsi ya iso. Anti tana guga ta ji an tsaya a ƙofarta, ba sallama. Shekara huɗu rabon da ya taka wurin. Ta ajiye dutsen guga, ta riga shi buɗe baki, da ƙarfi yadda tsakar gida za ta ji: lafiya zai shigo wa mace ɗaki kamar ɓarawo? Matan gidan suka fara fitowa, wannan da tsintsiya, waccan da ɗa a baya. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a bakin ƙofarta ta harɗe hannu.

"Buhuna," ya ce.

Ta ce wane buhu, ita ba ta ajiyar shara. Ta ce in rigar malamai ya gani, daga kanta ta fito, kowa a garin nan ya san hannunta, kuma wa zai yarda da mutumin da ke hira da bango? Ta juya ga matan tana neman dariya. Ta samu kaɗan.

Bai kalli matan ba. Ya ce shekara uku yana ganin bangayensa suna yawo a titi da ƙafa a sama, bai ce komai ba, don waɗancan shi ya dunƙule su da hannunsa ya jefa a kwando. Waɗanda suka lalace ne. In ta ga za ta iya rufa wa kanta asiri da abin da ya zubar, ita da kaji duk ɗaya, su yi ta tono. Amma na jikin malaman nan bai taɓa zubar da shi ba, a ƙasan buhu yake, don haka buhun bai ƙone ba.

Wannan ce ta shige ta, ba kiran ɓarauniya ba, wanda bai ma yi ba. Duk sunan da ta yi, duk matan da suka hau mota suka zo, a kan abin da ya ga bai isa ajiyewa ba ne. Kuma ya sani, tun ranar farko ya sani, yana wucewa da tsaninsa yana kallon shararsa a jikin matan manya. Ta gane har da daɗin da yake ji. Ba haƙuri ya yi da ita ba, kiwonta ya yi.

"Dangwalen nan da kike sa wa a wuya," ya ce, "ƙasa ne. Inda bango ya haɗu da daɓe. Yoyo ne, daga kwano yake saukowa. Kin sa mata goma sha biyu sun tsaya gaban hoto ruwa yana hawa musu wuya."

Wata daga cikin matan ta tuntsire, ta toshe baki. Maman 'Yan Biyu ce ta ce, ba tare da ta motsa ba, buhun yana ƙarƙashin teburin yanka, Anti ta ba shi kayansa ta huta. Ya waiwaya ya dubi matarsa, kallo na biyu cikin kwana goma, ita kuma ta ɗauke kai kamar ba abin da take jira ke nan ba.

Ya shiga ya jawo buhun da kansa. Ya tsuguna a tsakiyar ɗakin yana duba takardun ɗaya-ɗaya, yana kaɗe musu zare, har ya zo kan mai tsawon. Ya ɗaga ta. Inda dangwalen yake an yanke shi, an yi masa zagayen wuyan riga. Ya shafa wurin yankan da yatsa, Anti ta gani, ta ji sanyi a ranta na samun inda za ta soka.

"Takardar siminti ce fa, Malam. Ka je ka zana wata, tunda ba ka da aikin yi."

Ya ce ba za ta zanu ba. Damina huɗu ta bi ta kan bangon, yanzu wani abu ne daban, kuma shi ba a bar shi ya gani ba.

Ta yi tsaki ta ce ya kwashe ya fita. Amma bakinta ne kawai ke aiki. Idonta yana kan buhun da yake ɗaurewa, kanta yana kan ƙanwar Shugabar Makaranta da ta ce za ta zo ranar Asabar da yadinta, ita ma sabon aiki take so. Daga yau kwandon shara ba zai sake ba ta komai ba, ta san wannan, mutumin nan zai gwammace ya haɗiye takarda. Girman kai ya hana ta roƙo, tsoro ya hana ta yin shiru, sai ta ji kanta tana tambaya cikin gatse, wai wane bango ne wannan mai daraja haka, na fadar wa?

Ya saɓa buhun a kafaɗa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo, ba ita ya kalla ba, bayanta ya kalla, inda kabad ɗin yadi yake.

"Janye kabad ɗinki ki gani. Shekara huɗu yana ɗakinki kina ba shi baya, kina tonon shara."